Ranar da Na Wuce Inuwarsa

Ban taɓa tuƙa motar gaske ba. Amma akwai wani dutse a ƙasar Japan da na san hanyarsa fiye da lungunan unguwar Mahjar, inda na tsufa. Lanƙwasa ashirin da bakwai ce daga samansa zuwa ƙasa, kuma ko ido a rufe zan lissafa muku su. Ɗana ne ya jawo min wannan.

Ɗan fari ne, don haka ba za ku ga sunansa a takardar nan ba, yadda bai taɓa jin sa a bakina ba. "Kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "wancan." Haka aka raine mu, uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Yana ƙarami in ya yi zazzaɓi, maƙwabciya nake turawa ta taɓa goshinsa, ni ina bakin murhu ina yi kamar ban sani ba. A nan Jidda na haife shi, bayan mun zo Hajji ni da babansa mun zauna. Baban ya rasu ya bar mu babu iƙama, takardar izinin zama, ni da shi da ƙanwarsa. Na riƙe su da suyar ƙosai. Ya girma ya zama bakanike a wani gareji a unguwar Khumra, ƙato mai gemu, Hausarsa rabi Larabci.

Wata Alhamis ya dawo daga aiki ya ce, "Ummi, yalla, sa abayarki."

Na ce ina za mu.

"Mol."

"Ni da mol? Me na ajiye a can?"

Ashe a lokacin masu gadin ƙofar wannan katafaren ginin shaguna ba sa barin namiji shi kaɗai ya shiga a ƙarshen mako, sai mai iyali. Shi ba mata, ƙanwarsa kuma ta ƙi. Sai ni.

Na ce, "Wato ni ce iƙamarka?"

Ya ce, "Wallahi ke ce, kuma taki ba ta ƙarewa."

Na bi shi. Can sama, inda yara ke ihu, akwai wasu kujeru jajaye guda biyu, kowace da sitiyari da giya da talabijin a gabanta. Ya ciro wani kati daga aljihu ya zura, sai ga wata farar mota ta fito, wai tasa ce, shi ya gyara ta a ciki. Ya zauna, wani ɗan Yaman ya zauna a ɗayar, suka gangaro dutse suna silalo motocin a karkace, abin da yaran nan ke kira tafhiɗ. Hanyar kamar ta hawan Ɗa'if, inda na taɓa yin amai a bas, sai dai babu birai. Na zauna a benci ina ɓare gyaɗa ina tunanin wai wannan gardin ni na haife shi. Haka muka yi ta zuwa kusan shekara.

Rannan muka je an kwashe kujerun, an sa wurin sayar da turare. Ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Daga baya ya shigo da kwali daga haraji, kasuwar tsofaffin kaya. Baƙar na'ura ce, da faifai, da sitiyari da ake maƙalawa a jikin tebur, da takalman taka birki da totur. Wasan nan ne dai aka yi na gida. Komai na ciki da rubutun Japan, kamar kaza ta yi tono. Shi ma bai iya karantawa ba, haddace wuraren dannawa ya yi.

Ƙorafi ya fara. Ba kati, ba kujera mai girgiza, ba ɗan Yaman da za ka kalla ka yi masa dariya. Abu ɗaya ya ce sun yi daidai. In ka yi gudun da ya fi kowanne, na'urar tana ajiye shi. Gobe in ka hau, sai wata mota fara-fara da ake ganin hanya ta cikinta ta fito tare da kai, tana maimaita gudun nan sak, duk inda ka taka birki ta taka.

Ya ce, "Shabah kenan, Ummi. Fatalwa."

Na ce kar ya kawo min fatalwa ɗaki, ina salla a nan. Muka daidaita a kan inuwa.

Ni na jawo wa kaina da bakina. Ya daki ƙarfen gefen hanya na ce ko jaki ya fi shi sanin hanya. Ya miƙe ya ce, "Tafaddali, ya Hajiya." Na zauna don kar ya ce na ji tsoro. Motar ba ta yi taku goma ba na kafta ta da dutse. Ya yi dariya har da hawaye. Sai ya durƙusa a gefena ya ɗora hannunsa a kan nawa a sitiyarin, ya ce, "Shwayya shwayya. Saki totur. Yanzu juya."

Rabon da hannunsa ya daɗe a kan nawa haka tun yaye. Iyayenmu sun hana mu ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, sun hana kiran sunansa, amma babu wadda ta ce komai a kan motar Japan. Sai na samu ƙofa. Kullum bayan la'asar mu zauna, yana zagin ƙafata, ina zagin koyarwarsa.

Ya nuna min maɓallai biyu, ɗaya da zanen zobe, ɗaya da gicciye. Ya ce na Japan a juye suke da na sauran duniya, a wurinsu zobe shi ne eh. "Kar ki wahalar da kanki. Duk abin da ta tambaye ki, danna zobe, halas."

Sai ya gaji da ɓuya. Mutum ya kusa arba'in yana canza hanya in ya hango motar sintiri. Ya ce zai miƙa kansa a kai shi Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba, ya yi fasfo, ya samu kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa, ya dawo ta ƙofa kamar kowa. Ƙanwarsa ta ce haka ya fi. Ana gobe zai tafi, bayan la'asar, ya zauna ya yi gudu ɗaya, bai taɓa yin irinsa ba. Ya danna zobe, ya juyo.

"Ummi, ga ni nan na bar miki. Ranar da kika wuce inuwar nan, ki kira ni. Wallahi ranar zan kamo hanya."

Abin da ke bakina shi ne kar ka tafi. Abin da ya fito shi ne, "To ka tafi mana, wa ya riƙe ka?"

Ya tafi.

Na san wasu za su ce tsohuwa da hankalinta ta yarda da wannan magana. Na yarda. Ya ce wallahi. Kuma ba ni da wata hanyar da zan ce masa ya dawo, bakina bai iya ba. Wata shida ya wuce, shekara ta wuce, a waya ya ce takardu sun tsaya. Sai na ce a raina to bari in yi nawa ɓangaren.

In na dawo daga suya da hantsi, in wanke hannu in zauna. Da farko ko ƙurar inuwar ba na gani, kafin in gama lanƙwasa ta biyu ta ɓace. A saman talabijin akwai lambobi masu gudu. Na tambayi 'yata mene ne su, ta ce lokaci ne, nawa da nasa. Ni kuwa ko ɗaya ban iya karantawa ba. Dalilin da ya kai ni ajin wata malama a unguwar Ammariyya kenan, mai koya wa tsofaffi boko da Larabci a falonta. Ta tambaye ni me ya kawo ni da furfura, na ce akwai wanda nake bi, ina so in san nisan da ke tsakaninmu. Ta ɗauka maganar lahira nake, ta ce masha Allah. Daga lambobi na shiga baƙaƙe, ga shi yau ina rubutu. Littafina na farko babu komai a ciki sai minti da sakan.

Shekara uku ina bin bayansa. Na san shi a hanyar nan fiye da yadda na san shi a gida. A lanƙwasa ta tara yana jefa taya cikin kwata don ta ja shi. A gada ba ya taka birki sai ka ce ya mutu. Mai ganganci ne kamar babansa. Sannan a ta ashirin da uku, motar tana ɗan yin tangaɗi, kaɗan, kamar an taɓa ta. Na daɗe ban gane ba, sai rannan na tuna. Lokacin da yake gudun nan na ƙarshe ina tsaye a bayansa, na ce shayinsa na hucewa, ya waigo ya kalle ni. Waigen ne ya zauna a ciki. Kullum in mun zo wurin sai ya sake waigowa.

'Yata tana wucewa da tsintsiya ta ce, "Ummi, gwiwarki fa." Ko ta ce, "Ki huta mana, ba gudu yake ba." Ban taɓa lura da cewa ba ta kallon fuskata in tana faɗa ba.

Wata Talata kafin azahar na same shi. Na jefa tayata a kwata a ta tara yadda yake yi, na danne tsoro a gada, muka iso ta ashirin da uku hancina a bayansa. Ya waigo, na shige ta ciki. Sauran huɗun ban numfasa ba. Na tsallake layi a gabansa. Na'urar ta fito da rubutunta, ta yi tambaya. Na danna zobe.

Na ce bari in sake hawa in gan shi ko sau ɗaya a bayana kafin in kira. Inuwa ta fito. Tun a lanƙwasa ta farko na ga ba shi ba ne. Wannan tana taka birki da wuri, tana riƙe sitiyari kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. A ta ashirin da uku ba ta waigo ba. Ni ce. Na'urar gudu ɗaya take ajiyewa, tambayar da ta yi kuwa ita ce ko ta goge na da.

Na ce ba komai, ai mai inuwar na tafe. Na sa 'yata ta kira shi ta buɗe murya.

Na ce, "Kai. Na wuce."

"Wuce me, Ummi?"

"Inuwar."

Ya yi ihu. "La! Wallah? Mabruk ya Ummi! Ke ce sarauniyar tafhiɗ!" Ina jin yana gaya wa wasu a gefensa, suna dariya.

Na bari ya gama. Na ce, "Yaushe za ka taso?"

Ina jin hon ɗin motocin garin da yake.

"Ummi... ai wasa ne."

"Ka ce wallahi."

"An ɗauki basmata. Yatsuna goma suna na'urarsu. Wanda ya fita ta wannan ƙofar ba ya dawowa, ko da kafili."

"Yaushe ka sani?"

"Tun kafin in tafi."

Na kalli 'yata. Tana kallon tabarma.

Ta ce, "Ummi, mun ga kamar ba za ki taɓa wuce ta ba. Mun ce a bar miki abin da zai ɗebe miki kewa."

"Kun ce."

"Don kar ki..."

"Ku biyu kuka zauna kuka ce."

Ba ƙaryar ce ta fi ci min rai ba. Da ya ce min Ummi ba zan dawo ba, da na yi kukana a banɗaki na fito na soya ƙosai, na binne miji ma na soya. Abin da ya ci min rai shi ne ya auna ni. Ya dubi uwarsa ya ga tsohuwa da ba ta san alif ba, ya ɗaura alƙawari a inda ya tabbata hannunta ba zai kai ba. Gudun nan da ya yi mai kyau, wanda nake ta alfahari da shi a raina, ashe katanga yake gina min.

Na ce, "Ka san zoben zai goge ka?"

Ya ce, "Ya goge? Ya Allah. Ai da gicciye kika danna a nan."

"Kai ka ce duk abin da ta tambaye ni, zobe."

Na miƙa wa 'yata wayarta na tashi na yi alwala.

Tun daga nan ya yi ta ƙoƙari. Ya ce zai nemo irin na'urar a can ya yi sabon gudu ya aiko min da wani mai zuwa Umara. Na ce ya riƙe abinsa. Sabon gudu ba ni tsaye a bayansa, ba shayi, wa zai waigo ya kalla? Ya ce to in tattara in koma wurinsa, ya kama gida mai ɗaki biyu. Wataƙila in je. Ban ce eh ba, na daina saurin cewa eh. 'Yata wata biyu ina amsa mata da kai kawai, yanzu muna magana, amma in ta ce min abu sai na sake tambayar wani.

Yana kira duk Juma'a. Ina ɗauka. Ya tambayi gwiwa, in ce da sauƙi. Ya ce, "Kina hawa dutsen, Ummi?" In ce wani lokaci.

Gaskiya ce, wani lokaci ina hawa, hannu ya saba. Tsohuwar nan ta fito mu gangara tare, ba na sonta, ba na ƙinta. Sau biyu na wuce ta ba da niyya ba. Na'urar ta fito da rubutunta, har yau ban iya karanta shi ba, na danna gicciye na kashe ta na je na jiƙa wake.