Ɓerayen Rabi da Rufin Ɗakina

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗiyata Rabi. Ranar da ta cika a asibiti a Gusau, mu uku ne a kanta: ni, da mijinta Malam Isa, da ƙanwata Kulu. Ban yi boko ba. Malam Isa ke rubuta abin da nake faɗi, na kuma hana shi gyarawa.

Rabi ta yi karatu mai zurfi, ta ƙare da kiwon ɓeraye a jami'a. Na daɗe ina kunyar faɗin haka a ƙauyenmu Karakkai. Wata rana ta zo ganin gida, na ce, "Abin da muke kashewa a rumbu, shi kike ba abinci?"

Ta yi dariya, ta nuna mini tsaikon ɗakina, karan da aka ɗaɗɗaure ya riƙe ciyawa. Ta ce kowace ƙwayar halitta tana da nata tsaiko a ciki, akwai kuma wasu sinadarai, furotin, masu ɗaure shi da kwance shi. Da haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke rarrafawa zuwa mazauninsu. In masu ɗaurin suka samu tangarɗa, sai ƙwayoyin su tsaya a hanya. A jikin ɓera suke ganin wannan.

"Inna, wataƙila abin da ya sami Yaya Sani ke nan. Ba zuwanki rafi ba ne."

Sani ɗana ne na fari. Da ƙaramin kai na haife shi, bai taɓa zama ba, ya rasu yana shekara uku. Aka ce ɗan ruwa ne, ni na jawo da ɗiban ruwa a rafi da tsakar rana ina da ciki. Na yarda, shekara da shekaru. Amma ran nan ko godiya ban yi wa Rabi ba. Cewa na yi ta tashi ta duba tukunya. Wannan yana cina har yau.

Makon jiya jikanyar Kulu ta haifi irin Sani. Na shiga barka, na tarar mata na raɗa, mai jego ta juya wa jaririn baya. Da Rabi na nan, da ta yi musu bayani a hankali. Ni ba ni da haƙurinta. Na ce, "Wadda ta sake ambaton rafi ta ɗauki takalminta." Na nuna wa yarinyar rufin ɗaki, na faɗa mata abin da Rabi ta faɗa mini.

Takardun Rabi suna cikin akwati, ban iya karanta su ba. Wannan magana ce gadona. Allah ya jiƙanta.

Washegarin barkar, ko suna ba a yi ba, na goya jaririn da kaina, na sa uwarsa gaba, muka hau motar Gusau ganin likita.