Takun Da Na Ƙi Sake Aunawa

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara arba'in da uku, ina aikin lura da shiga da fitar kaya a wani sito a Dubai Investments Park. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma akwai abu ɗaya da nake taƙama da shi tun ina sakandare a Jos, wato wasan neman hanya. Ana ba mutum taswira da kamfas, a sake shi a daji ya nemo tutocin da aka kakkafa ɗaya bayan ɗaya, ya dawo kafin lokaci ya cika. Malaminmu ya koya mana ƙirga taku, domin da shi ake sanin nisan da aka ci. Nawa sittin da biyu ne: idan ƙafata ta dama ta taka ƙasa sau sittin da biyu, na yi mita ɗari. Na riƙe wannan lamba a kaina shekara ashirin da biyar, alhali ban sake taɓa kamfas ba. Na yi tumbi, hawa bene ɗaya ma sai na tsaya ina haki.

Ina da amini, tela ne a unguwar Satwa, ya girme ni da shekara bakwai, Yaya nake ce masa. Likita ya gaya masa jininsa ya hau, dole ya riƙa motsa jiki. Sai muka fara tattaki a bakin ruwa a Bur Dubai duk ranar hutu bayan sallar asuba. Da farko ya riƙa yi mini tsiya, wai tumbina ne ke gaba ni ina biye da shi kamar yaron gida. Saboda yawan labarin Jos da nake ba shi ya raɗa mini suna Sarkin Hanya. Cikin wata huɗu jikina ya saki, wandunana suka fara zamewa. Ya ce in zo shago ya ɗinka mini sabo. Na ce ai yana da awona a littafi, ya yi dariya ya ɗauko tef, ya ce shi bai taɓa yanka yadi da awon bara ba, jikin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya.

A ƙarshen Afrilu na ji wasu masu sha'awar wasan nan za su fita cikin yashi a bayan gari, mutum biyu-biyu. Na matsa wa Yaya sai da ya yarda. Zafi ya riga ya fara, shi ya sa aka ce kowa ya dawo kafin ƙarfe tara na safe. Aka ba mu usur, aka rufe wayoyinmu a leda, aka ce duk wanda ya ɓata ya tsaya inda yake, ya yage ledar ya kira, amma ya fita daga gasar ke nan. Matar da ke jagorantar wasan ta ja igiya mai tsawon mita ɗari a kan yashi, ta ce kowa ya zo ya auna takunsa. Yaya ya taɓa ni ya ce mu je. Na ce masa wannan na sababbi ne. Na kuma sa ya ajiye gorar ruwa ɗaya a mota, wai nauyi za ta yi mana, cikin awa ɗaya mun gama.

Tuta ta farko da ta biyu suna kusa, ido ma ya isa. Ta uku tana da nisa. Na ƙirga takuna, na karkata inda lissafina ya ce, muka hau tudu, ba mu ga komai ba. Na ce tana bayan na gaba. A Jos kowane dutse da kamanninsa, a nan kuwa duk tudun yashin iri ɗaya ne. Yaya ya ce, cikin wasa, ko Sarkin Hanya ya sauka daga sarauta ne? Bayan kamar rabin awa ya ce khalas, wato ya isa haka, mu buɗe waya, ba wanda zai ji labari a Satwa. Na roƙe shi ya ba ni minti goma. Da suka cika na sake neman wasu goma. Ruwanmu ya ƙare. Iska ta tsaya cik, yashin ya fara ƙona ƙafa ta cikin takalmi.

Abin da ya kamata ya tsorata ni shi ne shirunsa. Mutumin da ba ya minti biyu bai yi tsokana ba ya yi tsit. Da na waiwaya sai na ga rigarsa ta bushe, babu ɗigon gumi a goshinsa. Ya tambaye ni ko na rufe shago, ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya daɗe da rasuwa. Sannan ya zauna a hankali, kamar mai shirin tahiya, ya kife. A lokacin ne na yage ledar. Na kira masu shirya wasan, na busa usur har bakina ya yi jini. Ba a daɗe ba suka iso, domin ashe tudu biyu ne kawai tsakaninmu da hanyar mota. Sun yi duk abin da za su iya. Yaya ya cika a asibiti kafin la'asar.

A nan Dubai muka binne shi. Ni na kira matarsa a Zariya. Ta ce kwanansa ne ya ƙare, ta yi mini godiyar ɗawainiya. Ban iya gaya mata zancen gorar da muka bari a mota ba, sai bayan wata biyu. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma na kuma san sau nawa ya ce mu tsaya.

Da sanyi ya shigo na koma wurin ni kaɗai da igiya, na auna. Tamanin da tara na samu. Duk mita ɗarin da na ƙirga a ranar, ban kai ba nake juyawa. Aikin minti uku ne da ya nuna mini haka.

Ina rubuto wannan ne saboda masu komawa wani abu da suka iya a ƙuruciya, ko gudu ne, ko ƙwallo, ko iyo. Abin da kai ya riƙe, jiki ya daɗe da sake shi, kuma ƙasar da ka koya a kanta ba ita ce a ƙarƙashin ƙafarka yau ba. Ka sake aunawa, ko da a gaban yara ne. Idan abokin tafiyarka ya ce a tsaya, ka tsaya a karon farko. Idan mai surutu ya yi shiru cikin rana, kada ka jira komai.

Da aka zo kwashe kayan shagonsa, an sami wandona a kan keken ɗinki, an gama ƙafa ɗaya, da sabon awona a rubuce da alli a jikin yadin. Yana cikin akwatina. Ban kai wa kowa ya ƙarasa ba.