Gidan Bulon Izzuddeen

Izzuddeen mai gyaran injin ban ruwa ne a lambunan ayaba na kusa da Abu Hujar. An haife shi a ɗakin laka, ɗakin da ake yi wa sabon yaɓe duk shekara kafin damina. Ba talauci ya hana gidansu bulo ba. Kakanninsu sun baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogi don su huta, kuma har yau a gidan ba a yarda an ce zama ake yi ba. Mahaifinsa, Malam Abdulƙadir, kafin yaƙi bai taɓa wuce garin Sinnar ba, amma in ka tambaye shi sai ya ce a hanya suke.

Da yaƙi ya iso yankinsu suka gudu Gadarif, aka zuba su a wata makaranta. A can matarsa Huda ta haihu, a kusurwar aji, da zani ɗaya tsakaninta da mazan da ba ta sani ba. Bayan sun dawo gida ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ina son ƙofa da makulli, a garin da ake gudu a je, ba garin da ake gudu a bari ba." Ta sayo yadi shuɗi ta ɗinka labulen taga, ta ninke shi a akwati.

Izzuddeen ya sayar da rabonsa na lambu. Ya sami wani simsar a Gadarif, dillalin gidaje, mai suna Kamal.

A Gadarif gida ba ya kwana. Mutanen Hartum da Madani na saye ta waya ba tare da sun ga ko bangon ba. Kamal ya kira, Izzuddeen ya hau mota ya yini a hanya, ya zagaya ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango, sannan ya ce, "Bari in shaida wa Baba." Shi kuwa tsoho sai ya ce zai yi istihara. Kafin gari ya waye wani ya biya.

"Ya zol, bawan Allah," in ji Kamal, "gida kake saye ko aurensa za ka yi? Ko aure ma ai an fi ka sauri."

Haka aka yi ta yi. Kuɗin lambu na zaune, darajarsu na zubewa kamar ƙanƙara a rana. Unguwar da ya fara dubawa ta fi ƙarfinsa, ta bayanta ma haka, har aka kai bayan gari inda sai jaki ke kawo ruwa. Mutanen ƙauye duk tsohon suke zargi. Izzuddeen ma yakan girgiza kai tare da su.

Rannan Huda ta durƙusa gaban surukinta da jaririyar a goye.

"Baba, mi muka yi maka?"

Tsohon ya daɗe yana kallon yarinyar. Sannan ya sa aka kira ɗansa.

"Ni dai ba zan ga Makka ba, na sani tun tuni. Tafi ka saya. Ba sai ka kira ni ba."

Izzuddeen ya yi godiya. Wanda ya lura zai ga fuskarsa irin ta mutumin da aka janye wa tabarma ce.

Gidan da Kamal ya nuna masa a wannan karon ɗaki biyu ne, da bishiyar darbejiya, da taga mai kallon gabas. Kuɗinsa sun kai, da ƙyar. Mai gidan na tsaye, wani ɗan Madani kuma na jira a mota a waje.

Izzuddeen ya dafa bangon. Sanyi, ƙarfi. Sai ya tuna gidajen bulon da ya gani a hanyar dawowa, an cire musu ƙofofi da tagogi, masu su na zaune a ƙofa kamar an yi musu mutuwa. Shi da ya koma, laka kawai ya kwaɓa. In ya sa hannu a nan, daga yau yana da abin da za a iya ƙwace masa, kuma babu tsohon da zai ɗora wa laifi.

"Bari in yi waya," ya ce.

Ya koma gindin darbejiya, ya kara waya a kunne, yana gyaɗa kai. Kamal ya zagayo ta bayansa ya ga fuskar wayar baƙa ƙirin. Ya leƙa waje ya yafito ɗan Madani.

Da Izzuddeen ya dawo ƙauye ya ce wa Huda, "An riga ni."

"An riga ka," ta maimaita.

Ba ta tambayi wane ne ba. Ta buɗe akwati, ta ɗauko labulen shuɗi, ta kafa ƙusa biyu a bangon laka inda babu taga, ta rataye shi.

Labulen na nan har yanzu. Izzuddeen na gyaran injuna a lambun da dā nasa ne. Kamal ya daina kira.