Bello Ya Share D

Ƙanin mijina Bello ya share muryar Babana, ni kuma na fasa mishi baki. Ba ni neman gafara.

Kwamfutata ce ta cika jiya, ɓangaren C ya yi ja. Bello yac ce akwai fili cikinta da ba a ba kowane ɓangare ba, zai haɗa shi da C. Na miƙa mishi, na koma tuƙin tuwo. Can sai ga shi yana murmushi.

"Matata, an gama. D ce ta tare tsakani, na kawar da ita."

Duk karatun da marigayi Baba ya yi a zaurenmu na Jabo, da aka naɗi muryarshi, cikin ɓangaren D yake, babu shi ko'ina.

Nic ce, "Ka kawar da ita zuwa ina?"

"Ai sai an share ta fili ke haɗuwa."

Muciya na hannuna da zafinta. Ta farko a baki, ta biyu a ƙeya. Jini har kan rigarshi! Uwar mijina ta riƙe ni tana salati, shi ko ya haura katanga ba takalmi.

Malamarmu ta makarantar manya tac ce kar in kunna kwamfutar, wataƙila a ceto wani abu. Yau da safe na naɗe ta cikin zane, na hau kabu-kabu sai Tambuwal wurin mai gyara.