Na Sa Sunan Ƙawata A Shafin Masu Neman Addu'a

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da ɗaya, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya jira. Abin da na gani shi nake faɗa, nan take, ko a gaban wa. Innata ma ta daina aike na gidan suna ko gidan makoki, don a cewarta sai na dawo mata da rigima. Ni kuwa a lokacin gani nake wannan shi ne wayewa. Na yi shekara biyar a wata kwalejin mishan can nesa da gida, na dawo da takardar shaida, na kuma dawo da raina duk wani abu da mutanenmu ke yi a ɓoye.

A ajinmu mu biyu ne kawai Musulmi daga wannan yanki, ni da wata yarinya 'yar wani ƙauye a ƙasar Gwaram, ta wajen Fagam. Ɗakin kwananmu ɗaya, tare muke sallah, tare muke azumi. Ita mai sanyin hali ce, in an taɓa ta ni ke rama mata. Da muka gama aka tura ta ƙauyensu, ita ce mace ta farko da ta riƙe alli a can. Daidai lokacin gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta, ana ta gina azuzuwa, amma iyaye ba sa son ba da 'ya'ya mata. Gida-gida ta bi, tana zama da matan aure, tana taya su surfe da tankaɗe, har suka sakko. Suka ce tunda 'yar gida ce, sun ba ta amana. Ajinta ya cika da 'yan mata, in ta zo wurina ba ta da wata hira sai tasu.

Kwalejin tamu tana da wata 'yar mujalla ta tsofaffin ɗalibai da ake bugawa sau ɗaya a shekara, a aiko wa kowa ta gidan waya. An jera labaran ne bisa shekarar da mutum ya fita. A farko za ka ga na dattawan da suka yi karatu tun zamanin Turawa: wane ya yi ritaya, wane ya ga jika, wane ya rasu. Sai na waɗanda suka fita wajen samun mulkin kai, su kuma ƙarin girma ne da tafiya kwas Ingila. Mu na baya-bayan nan namu aure ne da haihuwa. A ƙarshe akwai shafin masu neman addu'a. Al'adar makarantar ce: in mutum ba shi da lafiya, sai a kira sunansa da sunan ciwonsa a taron safe, kowa ya sunkuyar da kai. Shekara biyar ina ganin haka, har na saba, na manta cewa a garinmu ba haka ake yi ba.

Wata rana ƙawata ta zo, ta rufe ƙofar ɗakina, ta sauke mayafi ta nuna mini wani tabo fari-fari a kafaɗarta. Ta ba ni allura ta ce in soka. Na soka, ba ta ko motsa ba. Ta ce ta je asibitin mishan, sun tabbatar mata kuturta ce, amma an kama ta da wuri, za ta yi 'yan watanni a can, daga baya ta ci gaba da shan ƙwayoyi a gida. A ƙauye an ce wa mutane ta tafi kwas Kano. Daga iyayenta sai ni muka sani. Ba ta ce mini kada in faɗa ba, don ba ta zaci akwai buƙatar ta faɗa ba. Ni kuwa har faɗa na yi mata, na ce mene ne abin ɓoyewa a ciwon da ke da magani, wannan ai duhun kai ne.

A satin nan takardar neman labarai ta iso daga masu mujallar. Na zauna a bakin gado na cika nawa, sannan na ƙara layi uku a ƙasa: sunanta, garinta, ciwonta, da roƙon a sa ta a addu'a. Ban yi minti biyar ba. Wallahi da zuciya ɗaya na yi, har ina jin daɗin na yi mata wani abu. A tunanina mujallar can za ta tafi, wurin mutanen Jos da Zariya da ba su san ƙauyenta ba.

Abin da na manta shi ne hedimastan makarantarta tsohon ɗalibin kwalejin ne, yana cikin dattawan shafin farko. Mujallar ta iso masa bayan ta dawo, ta warware, har ta koma aji. Mutumin kirki ne, ba mugunta ya yi ba. Zuma ya saya ya kai wa mahaifinta, ya same shi a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya yi masa jaje a gaban mutane, ya ce ya ga labari a takarda, Allah ya ƙara sauƙi. Aka tambaya wane labari, ya faɗa. Mujallar kuma tana kan teburinsa a ofis, duk malamin da ya shiga sai ya buɗe.

Cikin sati biyu ajinta ya watse. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ce mata komai. Yau a ce wance tana taya uwarta aiki, gobe a ce wance ta tafi wurin kakarta. Matan da take zama da su tana surfe suka riƙa yi mata sannu daga nesa, in ta tashi a ɗauke tabarmar a shanya a rana. Aka daina sayen ƙuli-ƙulin mahaifiyarta.

Da labari ya iso ni na hau motar kasuwa na tafi. Mahaifiyarta na fara tararwa a tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ni 'yar nan, ta ce su da ba su yi boko ba sun riƙe maganar wata takwas, ko ƙannenta ba su ji ba, ni da na yi karatu ban iya riƙe ta sati ɗaya ba. Ta tambaye ni ko addu'ar da na nema ta iso, don su ba su ga komai ba sai mutane na tsallake ƙofarsu. 

Na ce zan gyara. Na karɓi takardar likita da ke cewa ƙawata ba za ta iya shafa wa kowa ba, na ja ta muka je wurin dagaci, na karanta, na fassara da Hausa a gaban dattawa. Suka saurara har ƙarshe, suka ce Allah ya sa haka, Malama. Wani tsoho ya ce shi bai ƙi takarda ba, amma in takarda ce ta ce tana da ciwon, wata takardar kuma ta ce babu, to shi wacce zai bi? Aka yi dariya. Nan halina ya motsa, na ce musu jahilci ne ke damunsu. Ƙawata ta kama bakin zanena tana ja, ban tsaya ba sai da na gama. Ko da akwai mai niyyar mayar da 'yarsa, ranar na rufe masa hanya.

Na rubuta wa masu mujallar na roƙe su su janye. Suka amsa da ladabi cewa abin da aka buga ya riga ya tafi, sai fitowa ta gaba. Na jira shekara guda. Da ta fito, sai ga shi sun rubuta suna godiya ga Allah da ya warkar da wance daga kuturta. Sunanta da ciwon suka sake fitowa, wannan karon da manyan baƙaƙe.

Ƙawata ta ajiye aikin, ta koma wurin gwaggonta a wani gari mai nisa, tana ɗinki. Ajin 'yan matan bai sake cika ba, don ba a samu wata macen da za ta riƙe shi ba. Mai ba da magani na yankin ya gaya mini abin da ya fi wannan ci mini rai: tun daga lokacin mata suka daina kawo masa tabo ya duba, sai ciwo ya kai ga yatsu. Na je wurin ƙawata sau ɗaya. Ta ba ni ruwa a kofinta, ta tsaya tana kallo ko zan sha. Na sha. Ta ce ta yafe mini, amma in daina cewa zan gyara, don ta gaji da gyarana.

Shekara huɗu ke nan, kuma babu abin da na iya mayar mata. Na koyi cewa ɓoyon da nake rainawa ba duhun kai ba ne kawai. Iyayenta sun san garinsu, sun san abin da mutane za su iya ɗauka, ni ce ban sani ba. Ga 'yan'uwana da muka yi makaranta, musamman masu saurin hannu irina: ciwon wani ba labarinki ba ne, ko da addu'a kike nema masa. Kafin ki rubuta sunan mutum a takarda, ki je ki tambaye shi. In kin kasa tambayarsa, ki yi masa addu'ar ke kaɗai a kan sallayarki, Allah yana ji ba sai an buga ba.