Ranar da Kalla Ya Ba da Guduma

Ƙwallon goruba yana juyawa a tafin hannunsa. Ya matsa, ya saki, ya sake matsawa. Haka Kalla yake yi kowace safiya in ya dawo daga masallaci, yana zaune a bakin ɗaki kafin matarsa Habsa ta kawo kunu. Ƙwallon ya yi santsi, ya yi baƙi da gumin shekaru. Baƙo zai ɗauka tasbihi yake ja.

Kalla mai fasa dutse ne, a wani ƙauye da ke gindin tudu a yankin Ibohamane. Ya shiga aikin tun zamanin furoje, wato aikin raya karkara, lokacin da mata ke ɗaukar duwatsu a ka ana jera su a gangare don tare ruwan sama. Dutsen da ya fi ƙarfin ɗauka, Kalla ake kira ya raba shi.

Duk wanda ya taɓa ganin bugunsa bai manta ba. Gudumar takan taso daga bayan dugadugansa, ta zagaya sama a hankali kamar ba ƙarfe ba ce, ta ɗan dakata bisa kansa, sannan ta faɗo. Ƙarar takan tsallaka kwari, tudun da ke can ya mayar da ita. Makiyaya sukan tsaya da awakinsu suna kallo. Dutsen da ruwa da rana suka gaza a kansa tun kafin kakanni, sai ya buɗe, cikinsa fari tas, iska ta taɓa shi karo na farko.

Mutane sun ɗauka damtse ne sirrin. Shi kuwa yakan ce yatsu ne. In ka damƙe ƙota tun daga tashi, kafaɗa takan sandare, bugun ya mutu a gwiwar hannu. Shi riƙon ɗan tsako yake yi mata har ta gama zagaye, sai dab da sauka ƙananan yatsu su rufe. Mai raunin hannu ba ya iya wannan, tsoron kuɓucewa yana sa shi damƙa tun daga farko.

Ba shi kaɗai yake aikin ba. Taubashinsa Iro ne yake durƙusawa ya riƙe ƙarfen tsaga a kan dutse, yatsunsa a ƙarƙashin inda guduma za ta sauka. Masu wannan sana'a suna da ɗabi'a guda: kafin a fara, mai bugu yakan miƙa wa mai riƙo hannu, ya matsa iya ƙarfinsa. In mai riƙo bai yarda da abin da ya ji ba, sai ya saki ya tafi gida, kuma ba mai tambayarsa dalili. Iro bai taɓa tafiya gida ba.

Bara, bayan girbi, hawan jini ya kayar da Kalla a gona. Ya tashi, bakinsa ya daidaita, ƙafarsa ta dawo. Amma ƙananan yatsu biyu na hannun dama sun zama kamar na aro. Tun daga nan goruba ba ta barin tafinsa har azahar.

Da rani ya yi nisa, masu haƙar sabuwar rijiyar gari suka ci karo da shimfiɗar dutse. Ƙasar da ke gefensa tana da danshi, ruwa yana ƙasa ke nan, mata kuma suna tafiya har kwari da jakuna kafin su sami na sha. Maigari ya tara mutane a zaurensa, aka aika a kira Kalla. Ya zo da gudumar a kafaɗa.

Iro yana zaune da ƙarfensa a cinya. Ya ɗaga kai ya ce, "Ga bawana ya iso. An ce Habsa ka ba ka tuwo a baki yanzu."

"Ko da cokali nike ci na fi ka," in ji Kalla. "Taso, malalaci, kawo hannu."

Iro ya miƙo nasa daga zaune. Suka haɗa hannu. Jijiyoyin wuyan Kalla suka miƙe, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Iro bai ɗauke ido daga fuskarsa ba. Da suka saki, ya yarfa yatsunsa yana ɓata fuska.

"Wash! Ka kusa karya ni. Hannu shina nan, Maigari. Mu tafi."

Mutane suka fara hamdala, wasu har sun miƙe. Kalla bai motsa ba. Yana duban hannun Iro, yatsu biyar cif, babu wanda ya taɓa rasa ko farce.

"Ƙarya kake, Iro."

"Ni? Gaban Maigari?"

"A da in na matsa ka, sai idonka na hagu ya ƙifta. Yau bai ƙifta ba. Cikin rijiya babu wurin gocewa. In ta kuɓuce mini, hannunka za ta ci, ko kanka."

Iro ya sunkuyar da kai. Muryarsa ta yi ƙasa. "Hannuna ne. Na yarda."

"Ni ban yarda ba."

Maigari ya gyara zama ya ce, "To, Malam Kalla, rijiyar fa?"

Kalla ya sauke gudumar daga kafaɗa. Ƙotar ta lotsa a inda yatsunsa suka saba zama. Ya shafa wurin da babban yatsa, sannan ya jingina ta a gwiwar Iro.

"Tun muna samari kake kallonta daga ƙasa. Ba wanda ya san hanyarta kamarka. Matsa ni in ji."

Iro ya kama hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya matsa. Kalla ya ja numfashi ta haƙora, ya yi ƴar dariya.

"Ashe ɓoye ƙarfinka kake, munafuki. Kada ka damƙe ta tun daga sama. Bari sai ta kusa."

"In na kuskure fa?"

"Sai Habsa ta ba ni tuwo a baki, ka ji daɗi."

Ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen tsaga daga cinyar Iro, ya auna nauyinsa a hannun hagu. Ƙwallon goruba ya faɗo daga aljihunsa ya gangara ƙarƙashin tabarmar Maigari, bai bi shi ba. Ya sa takalmansa, ya duƙa a ƙofar zaure, ya fita wajen rijiya.