Furen da Na Ɓamɓaro Daga Kanyar Gungu

A da, in ka tuƙa kwalekwale daga Warra ka bi gaɓa, manyan itatuwa ne ke yi maka inuwa har ka gaji. Yau gonakin albasa da shinkafa sun sauko har bakin ruwa. Akwai wani abu da na yi a wancan zamani wanda har in koma ga Allah ba zan manta ba.

Lokacin na dawo daga aiki a Kurmi, can kudu, kaina cike da ganin duniya. Ɗiyata ta fari ta isa yaye, aka kai ta ɗakin Inna, kwana biyu tana kuka. Inna ta ce in bi Kawu, ƙanenta masunci, mu samo manta-uwa, tsiron da ake jiƙa wa yaro in an cire shi daga nono.

Muka tuƙa zuwa wani ɗan gungu. Can a tsakanin rassan wata tsohuwar kanya na gan shi, dunƙule guda kamar kwando, saiwoyinsa farare sun miƙe sama, furanninsa rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Kawu ya hau, ya yanki sanda ɗaya tak, ya sauko.

Na ce, "Kawu, duk wannan tuƙi don ɗan wannan?"

Ya ce, "Ɗiyarka ɗaya ce, ko garke ka haifa? Da shi aka yaye ka, da shi aka yaye uwarka. Ɗaya ake yanka."

Ko jiƙon ne ko haƙurin kaka, ban sani ba, yarinya dai ta yi shiru. Ni ne ban yi shiru ba. Na taɓa ganin Turawa na ajiye irinsa a baranda, sai na ce in kawo shi gida in hutar da mata tuƙi. Bayan mako na koma ni kaɗai da adda, na ɓamɓaro shi gaba ɗaya. Na cika bokiti da ƙasar fadama da taki, na binne shi, ina ba shi ruwa safe da yamma. Ban san cewa iska da ɓawon itace ne rayuwarsa ba. Kafin wata ya zagayo ya ruɓe, yana wari.

Ranar da matar maƙwabcinmu ta dawo daga gungun hannu wofi, goye da ɗanta, Inna ta tsaya a kan bokitin ta daɗe. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Kai da ka je Kurmi, ba ka ga inda Allah ya aje shi ba? Da ƙasa yake so, da bai hau sama ba."

Daga baya na zaga ƙasashe. Na ga danginsa a kasuwar furanni a Nairobi, na ga waɗansu a Kumasi an ɗaure su jikin guntun itace, na ji sunayensu da harsuna uku. Ko'ina masu sayar da su kan ce abu ɗaya da Kawu ya sani ba tare da littafi ba: a yanki kaɗan, a bar sauran a jikin itacensa.

Shekara da shekaru ina leƙa rassan kanyar nan, bai sake tsirowa ba. Matan garinmu suka daina zuwa gungun, yayen yara ya koma ba jiƙo. Tun daga nan, in na tarar mutane suna yi wa abu a hankali, nakan tambayi dalili kafin in sa hannu.